Mijin Mama Teku Ya Tafi Maraɗi

Duk wanda ya zo koyon aiki wurina, abin da yake fara nuna mini shi ne ai ya riga ya iya. Zai ɗauki firam ɗin hoto ya jujjuya, ya ce katako huɗu ne da ƙusa. Ba na yin musu da shi. Sai in miƙa masa katako da zarto, in ce ya haɗa mini kusurwa ɗaya tak wadda idan na ɗaga ta sama haske ba zai ratsa tsakaninta ba. Har yau ban ga wanda ya ci wannan jarrabawa a ranar farko ba. Ni ma ban ci ba, alhali ɗan kafinta ne ni, a cikin garin katako na yi rarrafe.

Wadda ta kayar da ni wata tsohuwa ce 'yar China. Wani ɗan kasuwa na unguwarmu a Kano ne ya tafi da ni Guangzhou don in riƙa duba masa kujeru da gadaje kafin a loda su a kwantena. Tashar jiragen ruwan tana can kudu da birni, inda kogi yake zubawa cikin teku. Wata rana muna jiran lodi, zama ya ishe ni, na bi bakin ruwa ina kallon masu shanya kifi. A tsakanin rumfunansu na ga shago cike da zane-zane, a ƙofarsa wata gajeriyar tsohuwa tana kokawa da firam, tana zaginsa da yarensu. Na karɓi gudumar na haɗa mata shi, ina ta ɗaga kafaɗa. Ta ɗaga shi saitin rana, ta rufe ido ɗaya, ta ɗora shi a gwiwa ta ɓalle. Ta miƙo mini wasu katakan. Sai dab da la'asar na yi wanda ta bari da ransa, kuma a ranar ta ce in dawo gobe. Da maigidana ya tashi komawa gida, ni na zauna.

Mutanenmu suna ce mata Mama Teku, saboda abin da take zanawa ke nan, abin da take sayarwa ke nan. Teku da safe, teku da hadari, teku da jirage. Wasu ita ta zana, wasu na matasan masu zane ne da ba su da inda za su rataye aikinsu. Duk bakin ruwan nan babu wanda bai san ta ba. Masunta sukan shigo da warin kifinsu su sha shayi su soki zanen jiragenta, su ce wannan igiyar ba a nan ake ɗaure ta ba, ta kore su da tsintsiya, washegari su dawo su tarar ta gyara. Ni ta ware mini tukunyata daban wadda naman alade bai taɓa shiga ba, kuma duk wanda ya taɓa ta ya shiga uku. Ranar Juma'a tun da hantsi take ƙwace zarto daga hannuna ta ce, “Sabi, go, go,” don ta san Masallacin Huaisheng da nisa. Sunana Sabi'u, amma rabinsa ta ɗauka ta bar mini saura.

Aikin da ya fara koya mini hankali na wani Alhaji ne ɗan Fagge mai sayar da jakunkuna. Na yi masa firam mai ruwan zinare, kusurwoyin sun haɗu har ba ka ganin layin. Bayan 'yan watanni ya bugo waya daga Kano yana cewa firam ɗina ya washe baki ta ko'ina. Na rantse masa ba aikina ba ne. Aikina ne. Katakon bakin teku ya sha laima ya ƙoshi, a can akwai lokacin da bango ma gumi yake yi. Da ya isa Kano ya bushe sai ya tsuke, kowace kusurwa ta ja gefenta. Daga nan muka ware ɗan ɗaki muka sa na'urar tsotse laima, duk katakon da zai tafi ƙasarmu sai ya yi zaman jinya a ciki tukuna. Bayan gam kuma sai in tsaga kusurwar in cusa siririn katako a gicciye. Gilashi muka daina sa wa kayan Nijar gaba ɗaya, muka koma roba mai kama da shi, domin gilashin da ya tsallake teku lafiya ba ya tsallake hanyar Kwatano zuwa Maraɗi.

Amma babban abin da ya bambanta cinikinmu da na kowane shagon zane shi ne mutanenmu ba sa rataye hoton abu mai rai a ɗaki. Ni na kawo mata su, daga masallaci da wuraren cin tuwo, don haka ni na sha bayani. Alhaji zai tsaya gaban zane ya ce, “Masha Allah, wannan ruwa kamar ka sa hannu,” sai ya matso ya ga tsuntsu a sama, ya ja da baya. Da farko Mama ta ɗauka rowa ce, salon neman ragi ne. Ta tambaye ni ko mutanena tsoron tsuntsaye suke yi. Da na yi mata bayani gwargwadon Sinancina, ta ɗauko burushi, ta shafe tsuntsun da launin gajimare a gaban mai saye. Ya biya bai nemi ragi ba.

Daga ranar shagon ya rabu biyu. Bangon dama na Turawa da 'yan gari, bangon hagu na Alhazai. Duk zanen da zai koma hagu sai an sallami mutanen cikinsa. Haka muke cewa, sallama. Na ga ta sallami masunta da karnuka da wata mata mai laima, har jirgin ruwa ya zama yana tafiya shi kaɗai ba matuƙi, kuma ba wanda ya taɓa tambayar wa ke tuƙa shi. An yi muhawara a kan kifi, an yi a kan kaguwa. Wani Bazazzagi ya ce tsuntsun da ya yi nisa har ba a ganin idonsa ba laifi, abokinsa ya ce tsuntsu tsuntsu ne, suka kusa ɓatawa a shagon mutane. Idan ta hango doguwar riga ta nufo ƙofa sai ta fito tana nuna bangon hagu tana cewa, “Lawban, zo, zo. Mutum meyo, tsuntsu meyo.” Lawban shi ne maigida a bakinsu, meyo kuma babu. Hausarta ba ta wuce nan da nisa ba, amma ta sayar da teku da ita har Agadas.

Zane ɗaya ne bai taɓa zama a dama ko a hagu ba. Yana bayan teburinta, faɗinsa ya kusa tabarma, kuma ba na sayarwa ba ne. Teku ne da sassafe, ruwan ya kwanta. Can ƙasa ta gefen hagu, dab da baki, akwai ɗan kwalekwale, a cikinsa mutum da malfa ya juya baya, tsawonsa bai kai babban yatsa ba. Mijinta ne. Masunci ne, ya rasu tun kafin in zo, kuma ba shi da hoto ko ɗaya don bai yarda da masu ɗaukar hoto ba. Bayan rasuwarsa ta zana shi yadda ta fi saninsa, wato ta ƙeya, yana tafiya. Kullum sai ta yi masa faɗa. Idan ciniki ya yi kyau ta juya ta gaya masa da ta bi shawararsa da har yanzu kifi take shanyawa. Idan rufi ya yi yoyo ta ce ga aikinsa nan, tun yaushe ya ce zai gyara.

Shekarar wasannin Olamfik ita ce shekararmu mai wuya. A Beijing aka yi wasannin, nesa da mu ƙwarai, amma mu muka ji a jikinmu. Biza ta yi tsauri tun kafin a fara. Masu zuwa kasuwar Shahe sarin tufafi da masu zuwa kasuwar Shiling sarin jakunkuna suka ɗauke ƙafa, waɗanda ke nan kuma da yawa suka tattara suka koma. Ranar Juma'a da a da sai ka yi sammako kake samun wuri a masallaci, sai ga shi kana miƙe ƙafa a sahu. Ni takarduna na aiki ne, shagon ya tsaya mini, shi ya sa na tsira. Bayan wasanni guguwar teku ta zo, ruwa ya shigo shago har gwiwa, katakon da muka daɗe muna jinya ya sha ya kumbura. Kafin mu farfaɗo kasuwar duniya ta faɗi, Turawan bangon dama su ma suka ɓace. Mai ginin ya ce idan ba za a sabunta haya kafin sabuwar shekararsu ba, akwai mai gidan abinci da ke son wurin.

Ana cikin haka Elhaji Lawali na Maraɗi ya shigo. Babban ɗan kasuwa ne, irin waɗanda ko ƙofa ta rufe suna da taga. Ya gina masaukin baƙi a garinsu, yana son zane a kowane ɗaki. Ya bi bangon hagu da sandarsa yana cewa wanga, da wanga, da wancan, har bangon ya ƙare. Mama tana bayansa tana zuba shayi. Sai ya juya ya ga na bayan tebur. Ya daɗe a tsaye.

“Malam Sabi'u,” ya ce, “wanga na tsohuwata ne. Ba ta taɓa ganin teku ba sai ta tagar jirgi, ranar da muka tahi Makka, kuma ta ce gajimare ya tare mata. Ɗakinta za shi.” Ya matso, ya sunkuya. “Bon. A hidda mutumen ga.”

Na ce, “Alhaji, wannan ba na sayarwa ba ne. Mijinta ne.”

“Allah sarki,” ya ce. “To ni dai in babu shi, sauran ma sai in dakata. Don tsohuwa niz zo, masaukin baƙi na iya jira.”

Ba mugunta yake yi ba, iyakar gaskiyarsa ke nan. Na fassara wa Mama. Ta ɗauke kofin shayin daga gabansa tun bai gama sha ba, ta ce meyo. Ya bar lambar otal ɗinsa ya ce yana nan har ƙarshen mako.

Washegari mai ginin ya zo da mai gidan abincin. Ko gaisuwar kirki ba su yi ba suka shiga auna bango da tef, suna nuna inda za a sa tankin kaguwa. Daidai wurin teburinta ne. Ta bi su da ido har suka fita. Da gari ya sake wayewa na zo na tarar ta sauke zanen ta jingina shi, ta haɗa shuɗi da fari a faranti, launin ruwan wurin sak. Wannan aiki ta yi shi ya fi a ƙirga, tsuntsu ba ya ɗaukar ta tsawon shan kofin shayi. Ta tsoma burushi ta kai hannu, hannun ya tsaya. Ta sauke, ta sake kaiwa. Daga baya ta miƙo mini burushin ba ta dube ni ba.

Na ce, “Mama, ni kafinta ne.”

Na faɗa ne don in kuɓuta, amma da na ji abin da bakina ya ce sai na ɗauko tef. Ku da kuke cewa katako huɗu ne, ku saurara. Kowane firam yana da leɓe, ɗan bakin da yake hawa kan zane ya riƙe shi. Leɓen da aka saba bai kai faɗin farce ba, kuma gwanintar mai firam ita ce ya ci zane kaɗan iyakar iyawarsa. Mutumin nan yana kamar yatsa uku daga baki. Idan na yi wa firam ɗin allon ciki mai faɗi, na fafe bayansa yadda katako ba zai taɓa fenti ba, zai shige ƙarƙashi da malfarsa, ba abin da zai same shi. Sai dai dole faɗin ya zama ɗaya ta kowane gefe, don haka za a yi asarar sararin sama kaɗan da wani tsauni a dama. Na gwada mata da kwali. Ta duba, ta ce tsaunin dama can bai yi kyau ba.

Saura Elhaji, don ban yarda in ɓoye wa mutum mutum a cikin kayansa ba. Ya zo na nuna masa. Ya cire hula ya sosa kai ya ce wannan sai malami. Nan take ya bugo wa malaminsa a Maraɗi, ya buɗe murya kowa na ji, layin yana yankewa yana dawowa.

“Yana da ido?” in ji malam.

Na ce, “Allah gafarta malam, baya ya juya.”

“Kai hwa?”

“Malfa ce ta rufe shi.”

“Kuma katako za ku aza mishi bisa?”

“Ƙwarai.”

“Elhaji,” in ji malam, “kuɗɗin wayarka kaka ɓatawa.”

Na ɗauka an gama. Sai Elhaji ya kashe waya ya ce akwai saura. Ko an rufe shi, namiji ne baƙo, kuma ɗakin mahaifiyarsa za a kai shi. Yana faɗa yana jin kunyar abin da yake faɗa, amma ya faɗa. Na rasa yadda zan juya wannan da Sinanci, na dai yi ƙoƙari. Mama ta saurara har ƙarshe, ta riƙe ƙugu.

“Gaya masa,” ta ce, “mutumin nan tun yana saurayi bai taɓa ɗaga ido ya kalli mace ba. Ni ma da na aure shi, sai na riƙe kifi a hannu yake sanin ina wurin.”

Elhaji ya yi dariya har sandarsa ta faɗi. Ya ce a ɗaure kaya.

Wannan firam shi ne aikin da na fi alfahari da shi a rayuwata. Baƙin katako na samo wanda ruwa bai taɓa ba, na fafe bayan allon da hannu, na goge da samfefa har ya yi santsi. Ban sa gam a allon cikin ba, da sukurori na kama shi ta baya, don in wata rana an so buɗewa a buɗe lafiya. Da na zo rufewa Mama ta ce in dakata. Ta durƙusa ta yi masa magana doguwa da yaren ƙauyensu wanda ba na ji, muryarta ƙasa ƙasa, ba irin ta faɗa ba. Sai a ƙarshe ta ɗaga murya ta koma wadda na sani, ta ce an ce can babu ruwa babu kifi, sai ya zauna wuri ɗaya ya huta tunda ita ta yi ta faɗa bai ji ba. Ta fita waje. Na tausaya mata ƙwarai, kuma ban taɓa ɗaure sukuri da nauyin hannu irin na ranar ba. Da na gama, abin da ya rage a fili rabin kwalekwale ne yana leƙowa daga gefe.

Shago ya tsira. Mai gidan abinci ya kai kaguwarsa wani wuri. Mama ta rataye kalanda a gurbin zanen, ta koma yi mana, ni da masunta, faɗan da babu mai karɓa.

Da shekara ta zagayo Elhaji ya dawo, ya ja ni gefe yana kame-kame. Ashe Hajiya mahaifiyarsa tana ganin zanen ta tambayi ina sauran jirgin. Ya yi ta kewaye-kewaye, ta tsare shi, ya faɗi gaskiya. Ta ce, “Mace ta ba ka amanar mijinta, kai kuma ka kulle shi cikin akwati?” Ta sa aka kira wani kafinta na bakin kasuwa. Wannan bawan Allah bai ko juya firam ɗin ya ga sukurori ba, ƙarfe ya sa ya ɓanɓare allon ta gaba. Har gobe idan na tuna shi raina ɓaci yake yi, kuma shi ya sa nake ce muku ku juya abu ku dubi bayansa kafin ku ɗauki guduma. Allah ya sa fentin bai ji ciwo ba. Hajiya ta ɗinka ɗan ƙyalle ta maƙala da allura a saman kusurwar, lokacin salla ta sake shi, in ta idar ta ɗage.

Na ji tsoron gaya wa Mama, amma Elhaji ya ce shi zai faɗa, in fassara. Ta zauna a kujera ta saurara. Ta tambaya ko ɗakin yana da taga, aka ce yana da. Ta tambaya ko rana tana dukan zanen, aka ce a'a. Ta shige ciki ta daɗe, ta fito idonta ja da ƙunshin busasshen kifi da ganyen shayi, ta ce a kai wa Hajiya. Ta kuma ce a gaya mata ta riƙa yi masa faɗa lokaci lokaci, in ba haka ba sangarcewa yake yi. Elhaji ya ce kada ta damu, tsohuwarsa ba ta buƙatar a roƙe ta wannan. Tun daga nan duk zuwansa da saƙo yake zuwa da saƙo yake komawa, kilishi ya tafi, shayi ya dawo, tsakanin mata biyu da ba su taɓa jin muryar juna ba.

Na dawo Kano na buɗe wannan shago da kayan aikin da ta ba ni. Ita kuma tana riƙe da nata shagon har ƙarshe. Wata safiya 'yar ƙanwarta ta bugo mini ta ce Mama ta rasu, ba ta yi doguwar jinya ba, kuma masunta ne suka ɗauki akwatinta. Na rufe shago ranar. Da yamma na kira Elhaji na gaya masa. Ya yi salati, ya ce bari ya shiga ya sanar da tsohuwa.

Bayan magariba ya sake kirana, muryarsa wani iri. Ya ce ya gaya wa Hajiya. Sai ta lalubi sandarta ta miƙe, ta taka har gaban zanen, ta ɗage ƙyallen.

“Malam,” ta ce wa mai kwalekwalen, “an yi rashi. Sai haƙuri.”

Sannan ta juyo ta shaida wa mutanen gida cewa faɗan ma ta ɗaga masa ƙafa, sai an share makoki.